Shin Black Sabbath ne tushen heavy metal, kuma da gaske 'yan tsafi ne?

Ƙanina, tambayarka rassa uku gare ta. Ka ce tun da aka sanar da mutuwar Ozzy Osbourne a watan Yulin 2025 kake ta cin karo da sunan Black Sabbath, ƙungiyar makaɗan Ingila da ya yi wa waƙa, ana cewa su ne tushen kiɗan da ake kira heavy metal. Kana so ka san ko haka ne, ka san yadda aka yi suka yi suna, sannan ka ji gaskiyar maganar da ake yaɗawa cewa masu bautar Shaiɗan ne. Na daɗe ina kaɗa jita, sana'ata kuma haɗa sauti ce a situdiyo, don haka faya-fayan mutanen nan da kunnen aiki na saurare su, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Abin da na tabbatar shi ne, nauyin nan da kake ji a kiɗansu daga masana'anta ya fito: daga garin da suka tashi, da kuma hannun mutum ɗaya da inji ya datse wa yatsu.

Garin shi ne Birmingham, a tsakiyar Ingila, unguwar kuma Aston. Gari ne na ƙira da narkar da ƙarfe da haɗa motoci, wanda jiragen Jamus suka yi wa ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu. Yaran da aka haifa bayan yaƙin a cikin kangaye suka yi wasan ƙasa, ƙarar injina kuma ba ta yankewa dare da rana. Su huɗu ne: Tony Iommi mai jita, Bill Ward mai ganguna, da Ozzy mai waƙa, duk haihuwar 1948, sai Geezer Butler mai jitar bes, wato jita mai kaurin murya, wanda aka haifa a 1949. Babu ɗan mai kuɗi a cikinsu. Ozzy, wanda sunansa na yanka John Michael Osbourne, su shida ne wurin iyayensu a wani ɗan ƙuntataccen gida a Lodge Road. Ya bar makaranta yana da shekara 15, ya yi aikin gwada hon ɗin mota a masana'anta, ya yi aiki a mayanka, har ya yi mako shida a kurkukun Winson Green saboda fasa shago, domin mahaifinsa ya ƙi biyan tarar don ya koya masa hankali. Geezer ne mai ɗan karatu a cikinsu, yana koyon aikin akanta, kuma daga gidan 'yan Katolika masu riƙo da addini ya fito. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu ga labarin da in ba ka san shi ba, ba ka san komai game da wannan kiɗa ba. Iommi yana da shekara 17 yana aiki a wata masana'antar sarrafa fallayen ƙarfe. Ya riga ya sami gurbi a wata ƙungiyar makaɗa da za ta tafi wasa Turai, ya ajiye aiki, ranar ce ranarsa ta ƙarshe. Ya dawo gida cin abincin rana da niyyar ba zai koma ba, mahaifiyarsa ta ce ya je ya ƙarasa aikin da ya ɗauka. Mai kula da injin matse ƙarfe ba ta zo ba ranar, aka ɗora shi a kan injin da bai saba da shi ba. Injin ya sauko a kan hannunsa na dama ya datse kan yatsu biyu, na tsakiya da mai bi masa. Ga mafi yawan makaɗa da hannun dama ake bugun tsirkiya, da an lallaɓa. Amma Iommi bahago ne, hannun damansa shi ne mai danna tsirkiya a wuyan jita. Wato daidai inda sana'ar take, nan injin ya ci. A asibiti aka ce masa ya manta da kiɗa.

Wani shugabansa na wurin aiki ne ya kawo masa faifan Django Reinhardt, mashahurin makaɗin jaz, wanda gobara ta shanye wa yatsu biyu a 1928 amma ya ci gaba da kiɗa da sauran. Iommi ya saurara, aka gaya masa da yatsu nawa mutumin yake wannan aiki, sai ya tashi. Ya ɗauki robar sabulun wanke-wanke ya narkar da ita ya cura, ya huda da ƙarfe mai zafi har yatsansa ya shiga, ya zauna yana gogewa da sanfefa har ta yi siffar kan yatsa. Roba tana zamewa a kan tsirkiya, sai ya yanki fatar wata tsohuwar rigarsa ya manna a kai.

Na taɓa naɗe yatsuna biyu da salatif mai kauri na ɗauki jita, don in fahimci abin da ya fuskanta. Abu na farko da ka rasa shi ne ji. Makaɗi da fatar yatsa yake sanin inda tsirkiya take da yawan ƙarfin da zai danna ta. In babu wannan, sai kunne kaɗai ya rage maka jagora, kuma sai ka danna da ƙarfi fiye da ƙima. Shi kuma Iommi, ƙarƙashin robar ƙashi ne da 'yar fata, duk dannawa zafi ce. Saboda haka ya nemi tsirkiya sirara mai laushi, a lokacin kuwa ba a sayar da irinta ta jita, sai ya riƙa ɗaura ta banjo. Ya rage kama tsirkiya biyar ko shida a lokaci guda, ya koma kama biyu ko uku masu kauri a ƙasa. Daga baya ya sassauta ɗaurin tsirkiyoyin gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin mai gurmi ko mai garaya yana gyara ɗauri ya san abin da ke biyo baya: in ka ɗaure tam murya ta yi sama, in ka sassauta ta yi ƙasa ta yi kauri. Haɗa wannan da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, da aka buɗe har sauti ya fara dusashewa yana gurnani, ga Geezer yana bin sawun jitar da bes ɗinsa taki-taki, to ka sami abin da ake kira nauyi. Sai dai in gyara wani kuskure da ake yawan yi. Ba tun faifan farko suka yi wannan babbar sassautawa ba. A faifai na uku, Master of Reality na 1971, suka sauke ɗaurin da taki ɗaya da rabi, kuma in ka jera shi da na farko kunnenka zai gaya maka bambancin.

Haɗuwarsu a 1968 ce. Iommi da Ward sun dawo gida daga Carlisle bayan ƙungiyarsu ta watse sakamakon kama su da tabar wiwi. Suka ga wata 'yar takarda a shagon kayan kiɗa, wani mawaƙi yana neman abokan aiki, kuma ya rubuta cewa yana da lasifikarsa ta kansa, abin da ba kowa ke da shi ba a lokacin. Da suka ƙwanƙwasa ƙofa sai ga Ozzy, wanda Iommi ya sani tun makaranta kuma ba ya ganinsa da daraja. Ozzy ya kawo Geezer. Suka fara da sunan Polka Tulk, suka koma Earth, suna kaɗa bulus, wato kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, kamar yadda dubban samarin Ingila suke yi a lokacin. A ƙarshen shekarar Iommi ya ɗan shiga ƙungiyar Jethro Tull, waɗanda sun riga sun yi suna. Bai daɗe ba ya dawo, amma ya dawo da darasi: ya ga mutanen da ke fara atisaye da safe kamar masu zuwa ofis. Ya ɗora abokansa a kan wannan tsari. A 1969 suka yi zaman wasa a kulob-kulob na Hamburg a Jamus da Zurich a Siwizalan, inda ake hawa dandali sau da yawa a dare ɗaya. Waƙoƙinsu ba su da yawa, dole su ja kowace su yi ta juya ta, kuma daga wannan jan ne wasu waƙoƙin nasu suka fito. Ni a ganina nan suka zama makaɗa.

Sunan ya canza a watan Agustan 1969, saboda akwai wata ƙungiyar mai suna Earth, ana ta rikita su. Sun lura mutane suna layi a silima suna biyan kuɗi don a tsorata su, sai suka ce me zai hana a yi kiɗan da zai yi wannan aiki? Suka ari sunan wani fim ɗin ban tsoro na 1963 wanda Boris Karloff ya fito a ciki, suka raɗa wa wata sabuwar waƙa, sannan suka raɗa wa kansu.

Wannan waƙa ita ce mafarin komai, kuma sautuka uku kacal aka gina ta a kai. In ka san do-re-mi, ka rera do, ka rera do na sama, sannan ka sauko inda kunne yake jiran so, amma sautinka ya gaza so da rabin taki, wato ya yi ƙasa da shi. Wannan 'yar gazawa ita ke tayar da tsikar jiki, domin kunne yana jiran a sauke shi ba a sauke shi ba. Tsofaffin malaman kiɗa na Turai sun daɗe da sanin wannan tazara, har suna yi mata laƙabi da shaiɗanin cikin kiɗa saboda rashin daɗinta da wuyar rera ta. Geezer ya ce yana ƙoƙarin kaɗa wani sashe na kiɗan Gustav Holst, wani tsohon mai tsara kiɗa ɗan Ingila, a bes, washegari Iommi ya zo da nasa. Abin da ya ƙara masa nauyi shi ne jinkiri. Sun bar kowane sauti ya yi ta amo har ya kusa mutuwa kafin na gaba ya zo, Ward kuma, wanda da kiɗan jaz ya tashi, yana tattaka ganguna a hankali a ƙarƙashi. Irin wannan gajeren zubi da ake maimaitawa shi makaɗa ke kira rif, kuma Iommi ya mayar da shi ginshiƙin waƙa, murya ce ke binsa.

Ranar 16 ga Oktoban 1969 suka shiga situdiyon Regent Sound a Landan tare da furodusa Rodger Bain, suka ɗauki faifan farko a yini ɗaya, kusan kamar yadda suke wasa a dandali, washegari suka kama hanyar Siwizalan. A matsayina na mai wannan aiki, abin yana ba ni mamaki har gobe. Ana tsakiyar ɗauka jitar Iommi ƙirar Fender ta lalace, ya ɗauki ta ajiya, Gibson SG, ya ƙarasa da ita, kuma irin wannan jita ce ta zama alamarsa har tsufa. Kamfanin Vertigo ya fitar da faifan ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970, ranar da Turawa ke camfawa. Masu sharhi a jaridu suka yi masa kaca-kaca, a Ingila da Amurka duka. Gidajen rediyo ba su damu da shi ba. Duk da haka ya kai na 8 a jerin faya-fayan da aka fi saya a Birtaniya, ya kai na 23 a Amurka. Su wa suka saya? Samarin da suka gan su a ƙananan kulob, 'ya'yan leburori irinsu, waɗanda waƙoƙin furanni da soyayya da zaman lafiya na wancan zamani ba su yi kama da rayuwarsu ba ko kaɗan. Baki da baki labarin ya yaɗu.

Wata bakwai bayan haka, a Satumbar 1970, suka fitar da Paranoid, ya hau na 1 a Birtaniya. Waƙar da aka sa wa faifan sunanta cikon gurbi ce, an ce musu faifan ya gaza da minti uku, suka haɗa ta nan take, ta kai ta 4 a jerin waƙoƙi. Da sunan wata waƙar suka so a kira faifan, War Pigs, wadda ke tsine wa janar-janar da 'yan siyasar da ke tura 'ya'yan talakawa yaƙi su kuma su ɓuya, a daidai lokacin da yaƙin Biyetnam yake ci. Daga nan ƙofar Amurka ta buɗe. Tsakanin 1970 da 1975 sun fitar da faifai shida, kuma kusan duk wani reshe na wannan kiɗa da ya tsiro daga baya, mai gudu da mai jan ƙafa, za ka sami irinsa a cikin shidan nan. A watan Afrilun 1974 sun yi wasa a bikin California Jam a gaban mutum wajen 200,000.

To su ne suka ƙirƙiro shi? Ba su kaɗai suke kiɗa mai ƙarfi ba. Jimi Hendrix da Cream sun riga su buɗe amfilifaya, Led Zeppelin da Deep Purple tsararrakinsu ne, kuma su kansu sun daɗe suna kiran abin da suke yi rok mai nauyi kawai. Amma waɗancan kiɗansu yana komawa ga bulus da rawa da sha'awa. Black Sabbath ne suka fara haɗa abubuwan nan wuri guda: rif mai kauri a matsayin ginshiƙi, sauti mai duhu, da waƙa a kan yaƙi da mutuwa da taɓin hankali da tashin duniya. Judas Priest, su ma 'yan yankin Birmingham, suka ɗauka suka ƙara gudu. 'Yan ƙungiyar Metallica, waɗanda suka gabatar da Black Sabbath ranar da aka shigar da su zauren girmama makaɗan rok a 2006, sun faɗa da bakinsu cewa daga nan suka sha. Don haka in an ce su ne tushe, ni ban ga ƙarya a ciki ba.

Maganar tsafi kuwa, ba zan wanke su tas ba, ba kuma zan ɗora musu abin da ba su yi ba. Gaskiya ne Geezer, wanda shi ke rubuta yawancin baitocin, ya yi sha'awar littattafan sihiri yana saurayi. Shi da kansa ya ba da labarin cewa wani dare ya farka ya ga baƙar siffa tsaye a ƙarshen gadonsa, ya firgita, ya rabu da harkar. Waƙar farkon nan wannan firgici take bayarwa: mutum ne ya ga abin tsoro yana neman Allah ya cece shi. A faifai na uku akwai waƙar da ke kare imani da Allah ƙarara, irin ta ɗan Katolika. Gicciyen da aka kifar a cikin bangon faifan farko kamfani ne ya sa don talla, ba da saninsu ba. Da wasu matsafa na gaske suka gayyace su wasa a Stonehenge, wani wurin tsofaffin duwatsu na tarihi a Ingila, suka ƙi, aka ce an yi musu baki, mahaifin Ozzy ya ƙera musu gicciye na alminiyam suka rataya a wuya don tsari. Wanda yake bautar abu ba ya neman tsari daga gare shi. Sai dai sun ci moriyar wannan suna, sun bar shi yana sayar musu da faifai, kuma ƙofar da suka buɗe wasu sun shige ta da gaske: a farkon shekarun 1990 wasu samari masu wani reshe na wannan kiɗa a Norway har majami'u suka ƙona. Kai ne za ka auna abin da ya dace da kunnenka da addininka, amma ka auna da sani.

Abin da ya kusa hallaka su a fili yake, kuma shi ya fi ba ni tsoro in na ga matasan makaɗa a situdiyo. Da suka je Los Angeles ɗaukar faifai na huɗu a 1972, hodar iblis ta zama abincinsu, ga barasa. Kuma yara ne da suka sa hannu a takardun da ba su karanta ba. Suna cika filayen wasa, ana ba su mota da gida in sun tambaya, amma da suka bincika sai suka tarar kusan babu abin da yake da sunansu. Faifan Sabotage na 1975 tsakanin situdiyo da ofishin lauyoyi aka yi shi, kana jin fushin a cikinsa. Biyun da suka biyo baya ba su da ƙarfi. A rangadin 1978 wata sabuwar ƙungiya mai suna Van Halen, wadda ke buɗe musu dandali, ta riƙa dusashe su dare bayan dare. A watan Afrilun 1979 suka sallami Ozzy saboda shaye-shayensa ya wuce na kowa, kuma Ward, amininsa, aka tura ya gaya masa.

Sauran tarihin zan taƙaita. Ronnie James Dio, Ba'amurke mai murya kamar ƙaho, ya maye gurbin, faifan Heaven and Hell na 1980 ya farfaɗo da su. Shi ya yaɗa alamar nan ta ɗaga manuniya da ƙaramin yatsa, wadda ya ce wurin kakarsa 'yar Italiya ya gani tana yi don kore kambun baka. Ozzy ya tafi ya yi suna shi kaɗai fiye da da. Mawaƙa suka yi ta shiga da fita, Iommi kaɗai bai taɓa barin sunan ba. 'Yan asalin huɗu sun sake haɗuwa a Birmingham a Disambar 1997. A 2012 aka gano Iommi yana da cutar daji, yana jinya yana rubuta kiɗa, a 2013 kuma faifansu mai suna 13 ya hau na 1 a Birtaniya, shekara 43 bayan Paranoid, ya kuma zama na farkonsu da ya hau na 1 a Amurka. Ward ba ya ciki saboda saɓani kan kwangila, kuma ana jin rashinsa a gangunan.

Ranar 5 ga Yulin 2025 su huɗun suka hau dandali tare, karo na farko cikin shekara 20, a filin ƙwallon Villa Park da ke Aston, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga gidan da Ozzy ya tashi. Fiye da mutum 40,000 suka cika filin, Metallica da Slayer da Guns N' Roses suka yi wasa kafin su, kuɗin kuma aka ware wa asibitin yara na Birmingham da gidan kula da yara marasa lafiya da masu binciken cutar Parkinson, wadda ta hana Ozzy tsayuwa, har sai a zaune ya yi waƙa. Waƙa huɗu suka yi. Kwana 17 bayan haka, ranar 22 ga Yuli, Ozzy ya mutu yana da shekara 76. In ka nemi bidiyon wannan dare, ka jira inda kyamara ta matso kusa da wuyan jitar Iommi, ka dubi hannunsa na dama. Za ka ga 'yan hulunan nan biyu a kan yatsunsa, yana da shekara 77 yana danna tsirkiya da su.